Taswirar Eleuterio

Ranar da ya ajiye jakar wasiƙu,
bayan shekara talatin da ɗaya yana hawan tuddan Valparaíso,
Eleuterio bai yi mini doguwar nasiha ba.
Takarda ya zaro daga aljihun ƙirji,
ta yi laushi kamar tsohon ƙyalle,
ta sha ninki har ta tsage a gaɓoɓi.
Ya ce, “Riƙe, Nélida.
Wadda ofis zai ba ki sunan titi ta sani.
Wannan kuwa ta san gwiwa.”

Na karɓa don kunya.
Ai ina da waya, da wata murya a cikinta
mai cewa yi dama, yi hagu,
ba ta haki, ba ta gumi.

Ran Litinin muryar ta ce miƙe.
Na miƙe, na yi kiciɓis da bango.
Ta sake cewa miƙe.
Teku na can ƙasa yana ƙyalli, ko a jikinsa,
jaka na cin kafaɗata,
gidaje ja da shuɗi da ruwan ƙwai sun hau kan juna
kamar kwanukan da aka kife bayan biki.
Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu.
Na zauna, na buɗe takardar tsoho.

Ga bangon, ya zana shi.
Ga ’yar kibiya ta fensir a gefensa:
lungu, sai an karkata kafaɗa.
Matakala ɗari da sittin da biyu,
huta a ta casa’in, akwai inuwa.
Kare, haushi kawai.
Gaba kaɗan: kare, wannan da gaske yake.
Lamba sha huɗu tana bayan arba’in,
kada a tambayi dalili.
Herminia ba ta ji, a buga da ƙarfi.
Famfo. Burodi mai zafi kafin tara.
In ruwa ya sauko, nan kogi ne, a zaga.

Haka na koyi garin,
yatsa a gaba, ƙafa a baya.

Wata rana wasiƙa ta zo wa gidan da babu.
Gobara ta cinye layin tun kafin zuwana,
sai ciyawa da ƙofar ƙarfe tsaye ita kaɗai.
A takarda ya ja layi kan gidajen, bai goge su ba.
Kusa da kowanne ya rubuta inda suka koma:
wannan wajen ’yarta, tudu na uku,
wannan asibiti,
wannan babu kibiya.

Ni ma na fara ƙarawa da jan biro.
Sabon shago. Karen gaske ya mutu.
An haifi tagwaye a lamba bakwai,
kada a buga da rana.

Bara, da sanyin safiya, jikarsa ta tare ni a guje:
Kaka ya fita tun asuba,
kwanakin nan sunaye na zube masa
kamar tsaba daga ɓulallen buhu.
An duba kasuwa, an duba bakin ruwa.
Ni ban duba ko’ina ba.
Na hau, ina ƙirgawa.

A ta casa’in na same shi, cikin inuwa,
takalmi ɗaya a ƙafa.
Ya ce, “Yarinya, ina ne nan?”
Na shimfiɗa takardar a gwiwarsa.
Ya daɗe yana kallo.
Sai yatsansa ya tashi da kansa,
ya bi lungu, ya zaga kogin da ba ruwa,
ya tsallake kare,
ya tsaya kan wani ɗan gida da ba a rubuta wa komai ba.

“Wanda ya zana wannan,” in ji shi,
“ya san hanya.”

Na ce, ƙwarai.
Muka sauka a hankali, yana riƙe da takardar,
ina riƙe da shi.